Neman shawara kan jarabawar CFA ga ma'aikacin banki

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Na karanta akanta a jami'a, kuma yau shekara 4 ke nan ina aiki a sashen ba da rance na wani banki a Kano. Burina shi ne in koma ɓangaren juya dukiyar masu zuba jari, ko a kamfanin fansho ko a kamfanin da ke hulɗa da kasuwar hannun jari, kuma duk wanda na tuntuɓa sai ya ambata mini jarabawar CFA, wato jarabawar zama ƙwararren manazarcin zuba jari (Chartered Financial Analyst). Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su faɗa mini tsakani da Allah yadda wahalarta take, da kuɗin da take ci, da kuma ko magidancin da ba ya barin ofis sai bayan magariba zai iya. Sannan akwai abin da ya tsaya mini a rai, domin na ga babban kaso na karatun ya shafi takardun bashi masu kuɗin ruwa.

Manazarci daga Abuja:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Cibiyar CFA da ke Charlottesville a jihar Bajiniya ta Amurka ce ke shirya jarabawar, kuma matakai 3 ne, ba a tsallake ɗaya sai an ci na baya. A matakin farko tambayoyi 180 ne na zaɓi, an raba su zama biyu, kowanne awa 2 da minti 15, wato daƙiƙa 90 kacal ke gare ka a kan kowace tambaya. A mataki na biyu ana ba ka labarin wani kamfani da alƙalumansa ka amsa tambayoyi a kai, a na uku kuma har da rubuta amsa da kanka. Tun 2021 a kwamfuta ake yin ta.

Cibiyar tana ba da shawarar karatun kimanin awa 300 ga kowane mataki, kuma ni abin da na yi ya zarce haka. Da na gane cewa karatun dare bayan gajiyar ofis ba ya zama, sai na mayar da shi bayan sallar asuba, awa ɗaya da rabi kullum, da zama mai tsawo ranar Asabar, na tsawon wata 6. Karatunka na akanta zai taimake ka ƙwarai wajen nazarin bayanan kuɗin kamfanoni, amma kada ka raina darasin ɗa'a da ƙa'idojin sana'a, wanda yake ɗaukar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na matakin farko, kuma tambayoyinsa suna da dabara ainun. Kalkuleta iri biyu kawai aka yarda a shiga da su, BA II Plus da HP 12C. Ka sayi taka tun ranar farko, domin na ga wanda ya yi wata guda yana samun amsoshin da ba daidai ba, ashe ya bar tasa a saitin biyan kuɗi a farkon wa'adi maimakon ƙarshensa. Ka kuma sani cewa cin jarabawa kaɗai ba ya ba da shaidar zama CFA, sai an haɗa da awa 4,000 ta aikin da ya shafi yanke shawarar zuba jari a cikin aƙalla wata 36.

Hajiya mai aikin fansho:

Malam, ni ta fuskar aljihu zan yi magana. Da dala ake biya, kuma kowane mataki yana cin abin da ya kai dala 1,000 ko fiye, wanda tun bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023 ya zama nauyi babba ga mai albashi, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. Rajista da wuri ta fi araha, akwai kuma tallafin da cibiyar ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi, don haka ka nema kafin ka taɓa ajiyarka. Ba a shiga ɗakin jarabawa sai da fasfo na tafiye-tafiye mai aiki. A ganina, idan niyyarka ka zauna a aikin akanta da binciken kuɗi, jarabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ta Najeriya ko ACCA ta Birtaniya, ta fi dacewa da kai, idan kuwa dillancin hannun jari a kasuwar Legas kake so, ka duba jarabawar CIS, cibiyar dillalan hannun jari ta Najeriya. Amma ga mai son zama manazarcin jari, CFA ta cancanci wahalarta.

Malami daga Zariya:

Damuwarka a kan riba tana kan hanya, kuma hukuncinta na malaman fiƙihu ne, ka tambayi wanda ka aminta da iliminsa. Abin da zan ƙara shi ne, sukuk, wato takardun jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, ana ƙiyasta darajarsa ne da irin lissafin da ake koyarwa a darasin takardun bashin da ka ambata, kuma bankuna irin su Jaiz suna buƙatar masu wannan ƙwarewa. Za ka iya haɗa CFA da takardun shaidar AAOIFI, hukumar da ke Baharain mai tsara ƙa'idojin cibiyoyin kuɗi na Musulunci, idan harkar kuɗi ta Musulunci ka nufa.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da sabunta fasfona da neman tallafin, sannan in zaɓi zaman watan Nuwamba domin in samu isasshen lokaci. Manazarci, shin littattafan cibiyar sun wadatar da kai, ko sai da ka shiga aji?