Notgeld: da wanne zan fara?

Baban Amira: Salamu alaikum 'yan zaure. Wani na sayar da Notgeld (takardun kuɗin wucin gadi na garuruwan Jamus) guda ɗari a dunƙule, duk sababbi fil, masu launi. In saya, ko in nemi na lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya?

Mai Sulalla: Wa alaikumus salam. Duba shekarar tukuna. In 1921 ko 1922 ka gani, galibi Serienscheine ne, wato masu fitowa jeri-jeri, garuruwan Jamus sun buga su ne don masu tarawa, yawancinsu ba su taɓa shiga kasuwa ba. Na ƙarancin canji su ne na 1914, sai ƙananan na fenik (kwabon Jamus) 10, 25 da 50 daga 1916, lokacin da jama'a suka ɓoye azurfa, gwamnati kuma ta kwashe nikel da jan ƙarfe don makamai. Ba su da wani ado: sunan gari, hatimi, sa hannu, lamba.

Hajiya Yaya: Ka ce ya turo hoton gaba da baya na kowace ɗaya.

Kawu Na Zango: Ko wanne ka saya, ajiya ce ke kashe shi. Kada ka sa a ledar PVC mai laushi irin ta albam ɗin hotuna. Zafi na sa ta tsatso mai, tawada ta manne, ran da ka zo zarewa rabin zanen ya tsaya a leda. Nemi aljihun Mylar ko polypropylene, takarda ɗaya a aljihu ɗaya. Ban da salatif, yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Ban da guga. Takardar lokacin yaƙi mai arha ce, da ta ji zafi sai ta karye a kan lanƙwasa. In akwai fil a jiki, cire shi a hankali kafin tsatsa ta ci wurin. Da damina a sa silica gel mai tsotse danshi cikin akwatin, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Ɗan Autan Zaure: Kawu, wanda aka huda fa, ya lalace?

Kawu Na Zango: A'a. Huda ko tambarin "ungültig" alama ce gari ya soke shi. Farashi kan sauka, amma na gaske ne.

Mai Sulalla: Ni dai ban ɗauki Serienscheine kuɗi ba. Har doka aka yi ranar 17 ga Yuli 1922 don hana buga su.

Hajiya Yaya: Haba Malam, dokar ta hana Notgeld ne gaba ɗaya. Kuma tarihin garuruwan na cikinsu, dubi na garin Hameln masu zanen tatsuniyar mai sarewa da ɓeraye. Sharaɗi dai a sayi jeri cikakke. Dunƙulen ɗari galibi guntayen jeri ne, cike giɓin ya fi sayen jerin tsada.

Mai Sulalla: Wannan kam gaskiya ne, Hajiya.

Ɗan Autan Zaure: Akwai wanda ke da na garin Bielefeld da aka buga a kan siliki? Shi ma Mylar ake sa shi?