"Development partners" da Hausa, ƙungiyoyin agaji ne ko me?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, dan Allah wa zai ba ni Hausar "development partners"? Rahoto nake fassarawa kan Indiya, na sa ƙungiyoyin agaji amma abin ya ƙi zauna min. Ƙasar da tun 2003 ta sallami yawancin ƙasashen da ke ba ta taimako ta bar 'yan kaɗan, a 2004 ma da tsunami ya afka mata ta ce a bari za ta iya da kanta, ita ce za a ce ana kai wa agaji?

Wata Hajiya: Ƙanina cire agaji gaskiya. Agaji na wanda ambaliya ta ci ne ko gobara, a kawo buhun hatsi irin aikin WFP, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a haɗa da tabarma da gidan sauro, shi ke nan.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar masu hannu da shuni ake cewa a rediyo, kowa ya gane masu kawo kuɗin furoje, wato ayyukan ci gaba, ake nufi.

Mai tambaya: Yaya ai in na rubuta haka mutanen Kano za su ɗauka su Dangote nake nufi. In kuma na sa tallafi sai hankali ya tafi kan man fetur.

Wani Malami: Ku fara duba abin da suke yi tukuna, jirgin ƙasan cikin birnin Delhi da aka buɗe a 2002 mafi yawan kuɗin kashin farko Japan ce ta bayar kuma rance ne mai sauƙin ruwa da za a biya, ba sadaka ba, Birtaniya ma daga 2015 ta daina ba gwamnatin Indiya tsabar kuɗi ta koma tura ƙwararru da zuba jari, to wanda kuke aiki tare ya ba ka bashi ya kawo injiniya ai ya wuce mai agaji. Ni na ce abokan raya ƙasa.

Wata Hajiya: Allah gafarta Malam, mai bin ka bashi ne aboki?

Wani Malami: Hajiya abokin ciniki fa? Kyauta yake ba ki? Abokin gaba ma aboki ake ce masa.

Mai tambaya: Na ɗauki abokan raya ƙasa, inda kuɗin bashi ne zan rubuta rance ɓaro-ɓaro. In guda ɗaya ce kamar JICA ta Japan, mai ba da irin wannan rance, fa?

Wani Malami: Hukuma ce, abokiya. Bankin Duniya kuma aboki.