Fugazi: kiɗa ne ya ɗaukaka su, ko tikitin dala 5?

Bashir: Salamu alaikum jama'a. Jiya na sake sauraron Repeater, kundin waƙoƙi na 1990 na Fugazi, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka, tun daga farko har ƙarshe, kuma na tabbatar da abin da na daɗe ina zargi. Mutanen nan halinsu ake yabo, ba kiɗansu ba. Duk wanda ya ɗauko zancen Fugazi, abu uku zai lissafa maka: kuɗin shiga wasansu dala 5, ba sa sayar da riguna masu sunansu, sun ƙi manyan kamfanonin faifai. To a cire waɗannan, me ya rage? Ihu da ƙarar jita.

Maryam: Wa alaikumus salam. Yaya Bashir, yau kuma da neman magana ka tashi?

Malam Sani: Bashir, kai a waya ka ji su, ni da idona na gan su lokacin da nake karatu a jihar Maryland, kusa da Washinton, garinsu. Wani ɗan ajinmu ne ya ja ni. Ana tsakiyar waƙa sai wani ƙato ya fara ture mutane a gaba, yana dukan na kusa da shi da gwiwar hannu. Ian MacKaye, ɗaya daga cikin mawaƙansu, ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak. Ya yi wa mutumin magana cikin ladabi kamar malamin firamare, aka miƙa masa dalarsa 5, aka nuna masa ƙofa. Abin da ban manta ba shi ne yadda suka koma waƙar, su huɗu lokaci ɗaya, kamar ba a taɓa tsayawa ba. Kuma ba sa rubuta jerin waƙoƙin da za su yi kafin su hau dandamali, da ido da motsin hannu suke sanar da juna abin da ke biye. Wanda bai iya kiɗa ba ba zai yi wannan ba sau fiye da 1,000.

Bashir: Allah ya ƙara girma Malam, amma ai ka ba ni gaskiya. Labarin dala 5 ka fara kawowa.

Aliyu: Ni ban yarda da Bashir kan kiɗan ba, amma akwai inda ya taɓo. Ana kafa misali da Fugazi kamar kowane ƙaramin mawaƙi zai iya bin sawunsu. Ina! Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Lokacin da suka yi wasansu na farko a Satumban 1987, MacKaye ya riga ya yi suna da tsohuwar ƙungiyarsa Minor Threat, kuma kamfanin faifai na Dischord da ya kafa tare da Jeff Nelson tun 1980 yana tsaye da ƙafarsa. Abokan kiɗansa Guy Picciotto da Brendan Canty su ma daga ƙungiyar Rites of Spring suka fito, da masoyansu. Wanda ke da kamfani a gida, cewa "ba na buƙatar kamfani" ba ta yi masa wuya.

Maryam: Aliyu, kamfanin ba gado ba ne, da hannunsu suka yanka kwali suka liƙa bangon faifansu na farko. Amma bari in koma kan Yaya Bashir, don shi ya ce ihu ne kawai.

Ka kunna waƙarsu Waiting Room. Jitar bas ta Joe Lally ce ke buɗe ta, da wani taku mai ƙamshin rege, ana cikin tafiya sai komai ya ɗauke ɗif na 'yan daƙiƙu, har ka duba waya ko caji ne ya ƙare, sannan su dawo. Kiɗan hardcore na da, wato wani salon rock mai zafi, gudu ne kawai kamar an biyo mutum. Su ne cikin waɗanda suka rage gudun, suka ba shiru gurbi, suka sa muryoyi biyu suna amsa wa juna, ta MacKaye mai kauri da ta Picciotto mai kama da kuka. Abin da ake kira post-hardcore ke nan. Kuma ba su zauna wuri ɗaya ba. Kundinsu Red Medicine na 1995 cike yake da gwaje-gwajen sauti, The Argument na 2001 har da goge irin na Turawa da mai ganga na biyu, Jerry Busher.

Ga wani abu kuma. A 1992 sun je Shikago sun naɗi waƙoƙi wurin Steve Albini, sanannen mai naɗar sauti, suka saurara, suka ga bai yi musu ba, suka ajiye aikin gaba ɗaya suka sake naɗa a situdiyon Inner Ear. Wannan sabon naɗin ne ya fito a 1993 da sunan In on the Kill Taker, har ya shiga jadawalin Billboard 200 na kundayen da suka fi ciniki a Amurka ba tare da wani babban kamfani a bayansa ba. Masu fakewa da aƙida ba sa watsar da aikin da suka gama.

Bashir: To in kiɗan ya kai haka, me ya hana su kai inda ƙungiyar Nirvana ta kai? Zamani ɗaya ne fa.

Malam Sani: An yi musu tayi ai. Bayan Nevermind, kundin Nirvana, ya fashe a 1991, manyan kamfanoni sun bazama neman irinsu. Ahmet Ertegun, shugaban kamfanin faifai na Atlantic, da kansa ya je ya sami Fugazi a New York, suka ce a kai kasuwa. Mujallun da ke tallan giya da taba ma Fugazi sun ƙi ba su hira. Wanda ya rufe waɗannan ƙofofin da hannunsa, ba ka auna shi da yawan ciniki.

Aliyu: Shi ya sa na ce aƙidar ta yi musu inuwa, Malam. Su suka jawo a riƙa zancen farashi fiye da waƙa. Har wasu suka buga rigar da aka rubuta cewa wannan ba rigar Fugazi ba ce, aka yi ta saye.

Maryam: Wannan kuma laifin masu ba da labari ne. Tun wasansu na Landan a Nuwamban 2002 ba su sake hawa dandamali tare ba, babu sauran tikitin dala 5 da za a yaba. Amma a 2011 Dischord ta fara ɗora wasanninsu da aka naɗa a intanet, fiye da 800, kuma ana saye. Me masu sayen suke saurare, farashi?

Bashir: Nawa ake sayar da kowanne?

Maryam: Dala 5 suka ba da shawara, amma kana iya biyan ƙasa ko sama da haka.

Bashir: Kin ji ko? Mun dawo kan dala 5 ɗin dai. Turo mini The Argument in ji gogen nan da kunnena.