Shawarwarin da anka ba masu son yin fim ɗin halittun sama

Jiya da dare a majalisarmu ta Mabera anka yi ta muhawara kan yaran nan da ke son shirya gajeren fim inda wata halitta daga sararin samaniya ke shiga jikin ma'aikatan kumbo.

Yawanci sun ce wanga labari shi ya fi dacewa da mai ƙaramin kuɗi, ba ɗinkin kayan dodo ba kwalliya, ɗan wasan kawai ya canza murya da yadda yake kallon mutane. Ɗaki ɗaya ma ya isa tunda cikin kumbo ba inda za a gudu.

Inda anka daɗe shi ne kar a mai da abin fim ɗin aljanu, a kira malam ya yi ruƙiyya shike nan. Halittar dole ta samu dalili. Wani ya kawo misalin shirin talabijin na Star Trek na 1992 inda wasu halittu sunka shiga jikin ma'aikatan kumbo Troi da Data da O'Brien suna cewa su ma'aikatan wani tsohon kumbo ne, ashe fursunoni ne masu neman tserewa. Ni wannan shawarar ta fi kwanta min.

Sauran ƙanana ne, kar a tona asirin da wuri, kuma a yi ɗauka da dare don zafin Sakkwato ba wasa ba.