Sidi dubu 12 nake da shi: Turkiyya ta hannun mai konekshin ko Kano da ƙafata?

Telan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Tun da mastana ya yaye ni na buɗe shagona nake zuba adashi, kuma bayan babbar salla zan kwasa. In na haɗa da ribar ɗinkin salla, abin zai kama sidi dubu 12. Ban taɓa ƙetare iyakar Ghana ba, fasfo ma ban yi ba tukuna.

Abu biyu ne a gabana. Wani abokina ya haɗa ni da wani mai konekshin da ya ce zai kai ni Turkiyya aikin ɗinki a kamfani, albashi da dala, ɗaki kyauta. Kuɗinsa sidi dubu 40. In ba da dubu 10 yanzu ya fara takardu, ragowar a riƙa cira daga albashina in na isa. Ya ce da fasfo ya fito in kai masa ya riƙe, kuma kada in yawaita gaya wa mutane saboda baki. Da na tambayi ofishinsa sai ya ce shi a waya yake aikinsa.

Ɗayan kuma tsohon burina ne: in je Kano in zauna wurin masu aikin babbar riga na hannu, in ga yadda ake fitar da aska biyu da aska takwas, in saro shadda da zare a Kantin Kwari. Kakana daga can ya zo fataucin goro, ya yi aure a nan, bai sake komawa ba, kuma har yanzu muna gaisawa da danginsa a waya. Mmana ta fi son wannan. Abokai kuwa dariya suke min, wai Najeriya ba waje ba ce.

Don Allah waɗanda suka san hanya su faɗa min gaskiya. Da ɗan abin da ke hannuna, yaya mutum zai fita ya dawo da mutuncinsa, ba bashi, ba ɓuya?

Hajiya Mai Atamfa, Nima:

Wa alaikumus salam ɗana. Atamfa da leshi nake sarowa a Lome da Kwatano tun kafin a canja mana kuɗi a 2007, don haka hanyar bakin teku zan yi maka magana a kai. Batun mai konekshin na bar wa 'yan boko, abu ɗaya kawai zan ce: fasfo ba ya kwana a hannun wani.

Fasfon ka yi shi da kanka. A intanet ake cike fom, ka biya kuɗin gwamnati, ka je da Ghana Card da takardar haihuwa a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Yaran da ke tsaye bakin ƙofa suna cewa za su gaggauta maka, ka gaishe su ka wuce. Tun 2019 fasfon babba shekara goma yake yi, ka ga ba asara ba ce. Ghana Card ɗinmu katin ECOWAS ne, akwai masu ƙetarewa Lome da shi, amma tafiya mai nisa irin ta Kano ni ba zan yi ta ba sai da fasfo. Ga shi kuma duk hatimin shiga da fita da aka buga maka shaida ce gobe in ka je neman bizar wata ƙasa, za a ga kai mai tafiya ne ka dawo.

Sai katin rigakafin shawara, yalo kad. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kuma tun 2016 sau ɗaya ake yin ta har ƙarshen rai. Akwai masu sayar da katin ba allura. Kada ka saya. Sauro ba ya duba kati.

Hanya kuwa ga ta. Daga tashar Asafo a Kumasi ka hau mota zuwa Accra, daga tashar Tudu a can ka kama ta Aflao, iyakarmu da Togo, kana taka ƙafa ka wuce shingen kana cikin Lome. Togo ta bakin teku siririya ce, kafin ka gama gyangyaɗi kun isa Hilakonji, iyakar Benin. Sai Kwatano, sai Seme, sai Legas. Daga Accra zuwa Legas bai kai kilomita 500 ba, iyakoki uku ne ke cinye yinin. Biza babu, tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan ƙasa yana da kwana 90 a ƙasar ɗan'uwansa. Amma kada in rufe ka, a wasu wuraren za a ce ka ajiye wani abu kafin a buga hatimi, kuma mai sabon fasfo an fi matsa masa. Ba doka ba ce, hali ne. Ka tanadi canji ƙanana, ka yi sallama, ka tambayi rasit cikin ladabi, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka fito da waya ka ce za ka ɗauki hoto a wurin.

Mota iri biyu ce. Manyan bas masu tashi daga Accra kai tsaye zuwa Legas sun fi tsada, amma ma'aikacinsu ne ke tattara fasfo a kowace iyaka, kai dai ka zauna a kira sunanka. Ƙananan motoci guntu-guntu sun fi araha, su nake hawa don na saba. Kai baƙon hanya ne, ka hau babba a zuwa, in idonka ya buɗe ka dawo a ƙanana. Abin da na hana ka shi ne masu babur da za su ce su zagaya da kai ta bayan shinge ba hatimi. Ranar dawowa za a nemi hatimin shiga a rasa, a nan za ka biya ninkin abin da ka guje wa.

Kuɗi ka raba uku. Na mota da abinci a aljihu, na sari a jikinka inda hannu ba ya kaiwa, na komawa gida kuma ka ɗauka ba naka ba ne, ko shaddar da ta fi kowace kyau ka gani kada ka taɓa shi. Sefa ɗaya ce a Togo da Benin, canji ɗaya ya ishe ka. Naira ka canja kaɗan a iyaka, ragowar sai ka isa wurin 'yan'uwa su kai ka inda suka yarda da shi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ɗaure mutanenmu: saƙo. Da an ji za ka tafi, kowa zai kawo ƙulli a kai wa wane. Duk abin da ba a buɗe a gabanka ba kada ka karɓa, ko daga hannun wa ya fito. In aka sami tramol a jakarka, ba wanda zai tambayi sunan mai saƙo.

In ka sauka gidan dangi kuma, baƙunci kwana uku ne. Bayan nan ka sa hannu a cefane. Ka tafi musu da goro mai kyau da sabulun salo da cakulan ɗin Ghana. Masu aikin hannun da za ka zauna wurinsu su ma ka yi musu ihsani, shekaru suka yi suna koyon abin da kake son ɗauka a wata guda.

Ɗan Asawase:

Mma Hajiya, da girmanki, amma yaron nan ci gaba yake nema ba yawon gaishe-gaishe ba. Wanda ya je Kano da sidi dubu 12 da me zai dawo? Yadi goma da labari. Ni na san waɗanda suka bi ta hannun masu konekshin, yau sun gina gida a Kenyase. Wanda bai yi kasada ba ba ya cin riba.

Malamin Sabon Zango:

Ɗan Asawase, waɗanda suka gina gida kowa na ganinsu don gini ba ya ɓuya. Waɗanda aka dawo da su hannu rabbana suna cikin ɗaki, ba sa fitowa ba da labari.

Ƙanena tela, ka auna mutumin nan da abu uku. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce duk mai sana'ar samo wa mutane aiki sai da lasisi, kuma Sashen Ƙwadago na gwamnati ne ke riƙe da sunayen masu shi. Ka ce ya ba ka sunan kamfaninsa da lambar lasisi, ka je da ƙafarka ka duba. Na biyu, takardar kwantiragi mai sunan kamfanin da zai ɗauke ka, da albashi, da awannin aiki, ka karanta kafin ka ba da ko pesewa ɗaya. Na uku, nau'in biza. Turkiyya tana da ofishin jakadanci a Accra, kuma izinin aiki sai kamfanin can ya nema maka a hukumance. Abin da irin waɗannan suka saba yi shi ne su samo bizar yawon buɗe ido, in ta ƙare ka zama mai ɓuya, fasfo na hannunsu, bashin dubu 30 na wuyanka, ba ka isa ka kai ƙara ba don kai ma a lokacin mai laifi ne. Irin wannan riƙon ne dokar hana safarar mutane ta 2005 take magana a kai. Irinsa ne kuma ya sa gwamnati ta dakatar da kai 'yan aikin gida ƙasashen Larabawa na yankin Gulf a 2017, bayan abin da 'yan matanmu suka gani. Wasu ma ba sa kai ka ko'ina: a ce ka je Abijan ko wani gari a Najeriya ka jira biza, a kulle ka a gida da wasu, a ce ka kira 'yan'uwa su ma su kawo kuɗi. Wannan "kada ka gaya wa kowa saboda baki" da ya ce maka, don kada ka haɗu da mai yi maka wannan bayanin ne.

Ka kuma sani ba mai iya yi maka alkawarin biza. Ta ƙasashen Turai na Shengen yuro 90 ce, ta ziyarar Amurka dala 185, in an hana ka kuɗin sun tafi. Akwai kuwa inda fasfon Ghana ke shiga ba biza bayan ƙasashen ECOWAS, kamar Ruwanda, da Afirka ta Kudu tun Nuwamba 2023. Can kuɗin jirgi ne kawai matsala.

In Turkiyyar ce ta shiga ranka, ƙofar da na sani mai tsabta ita ce ta karatu. Gwamnatinsu tana buɗe neman tallafi a Janairu zuwa Fabrairu kowace shekara, nema kyauta ne, wanda aka ɗauka ana ba shi tikiti da masauki da shekara guda ta koyon harshe. Sai dai digiri na farko na 'yan ƙasa da shekara 21 ne, wataƙila ƙannenka zai amfana. Jami'ar Musulunci ta Madina ma ba ta karɓar kuɗin nema. Duk wanda ya ce ka biya shi ya saka sunanka, cinikin abin da ba nasa ba yake yi.

Tsohon Direba, Alabar:

Hajiya ta gama magana, gyara ɗaya zan yi. Wani zai ce maka ta arewa ta fi kusa: Tamale, Bolga, Paga, Wagadugu, Fada Ngurma, Yamai, Maraɗi, ka shigo ta Katsina. Da can haka muke yi. Yanzu kada ka soma. Gabashin Burkina ba lafiya, masu bindiga na tare hanya. Burkina da Mali da Nijar sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ko da yake an ce a ci gaba da zirga-zirga ba biza. Gadar Malanbil zuwa Gaya, tsakanin Benin da Nijar, ita ma an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mutane suka koma shiga kwalekwale.

Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, kuma nan ne ban yarda da rowa ba. In ka sauka ka nemi 'yan'uwa a Agege ka kwana, su za su gaya maka motar da ake yarda da ita a wannan makon. Ka tambayi kuɗin jirgin Legas zuwa Kano tun da sauran makonni, wani lokaci bambancinsa da mota bai kai abin da za ka yi fargaba a kai ba. In mota ce, ka bar tafiyar dare.

Telan Aboabo:

Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Malam, na tura masa tambayoyin nan uku. Bai amsa ko ɗaya ba, sai ya ce tunda ni ne ya rage kafin alƙalami zuwa dubu 7 in zan biya kafin Juma'a, wai saura gurbi ɗaya. Na bar shi a nan. Ɗan Asawase, yadi goma ba laifi in na dawo da aikin da babu mai yin sa a layinmu, masu zuwa ɗaurin aure a Kumasi suna biyan kuɗi mai kyau a kan babbar riga.

Mma Hajiya, shaddar da zan saro fa, yaya ake yi da kwastan a dawowa?

Hajiya Mai Atamfa, Nima:

Ka karɓi rasit a kan duk abin da ka saya a Kwari, ka haɗa su a leda ɗaya. In ka iso Aflao ka nuna kayan da kanka kafin a tambaye ka, abin da aka yanka maka ka biya a ba ka takarda. Kuɗin wannan ma ka ware shi tun a Kano, kada ka saye shadda da shi. Kuma ka je ka yi allurar nan a makon nan, kafin ɗinkin salla ya rufe ka.