Gidana yana bakin daji a Lamingo da ke Jos, me zan gyara kafin wutar hunturu?

Sabon Maigida:
Assalamu alaikum jama'a. Bana muka tare a gidanmu da ke bayan Lamingo, ta wajen duwatsun Shere. Daga katangar baya sai fili, ciyawa har ƙirji, ga shi ta fara bushewa. Maƙwabta sun ce da Disamba ta kama, yara masu farautar gafiya ke cinna mata wuta, wani lokaci kuma makiyaya masu neman sabon toho.

Ginin bulo ne, rufin kwano. Abin da ke hana ni barci shi ne kayan da na jingina da shi: rumfar katako ta mota da janareta, kicin na waje, da turken tumaki, ga harawa jibge a saman rumfarsu. Gefe ɗaya katanga ba ta ƙarasa ba, zana na ja har ta haɗe da bangon ɗakin yara. Kuɗi sun ƙare a gini. Da me zan fara?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Ɗana, cire zanar nan yau, kada ka kai gobe. Zanar da ta taɓa bango lagwani ce, ita za ta ɗauko wuta daga fili ta kawo ta ƙarƙashin rufinka. In babu kuɗin bulo, sa fallen kwano biyu a tsaye a inda take haɗuwa da ɗaki.

Wutar ciyawa ba ta daɗewa a wuri ɗaya, cikin 'yan mintuna ta wuce, kuma bulo da kwano ba sa kamawa. Tartsatsi ne mugun. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, ta ɗebo garwashi ta tsallake katanga da shi. Zagaya gidanka da yamma ka ga lungunan da iska ke tara ganye da leda. Nan ɗin dai za ta ajiye garwashin.

Ko a Amurka hakan take. A gobarar Los Angeles ta Janairun 2025 gine-gine sama da 16,000 suka ƙone, kuma shawarar da 'yan kwana-kwanarsu ke nanatawa ita ce ƙafa 5 na farko daga bango, wajen mita ɗaya da rabi, kada a bar komai mai ci da wuta. Kai ma yi haka: ba itacen girki, ba tsohuwar taya, ba tabarma. Zuba tsakuwa ko ka bar ƙasa tsirara.

Harawa ta bar jikin gida, kamar mita 10. Bayan katanga a sare ciyawa kamar haka, a kwashe da manjagara, don sararriyar ciyawar da aka bari a wurin ba a yi komai ba. In gidan a kan tudu yake, faɗaɗa ta ɓangaren gangara, wuta ta fi gudu idan tana hawa. Bishiyar turare kuwa, da ta cika Jos, ganyenta mai ne da shi. Reshen da ya leƙo rufi a datse.

Birkila Ɗan Bukuru:
Baba ya gama magana. Nawa ƙarin na sama ne. Ranka ya daɗe, ɗaga kai ka dubi tsakanin bango da kwano. In akwai kafa, tartsatsi zai shige ya tarar da busasshen katako da sheƙar tsuntsaye. A toshe da siminti, ramukan shan iska kuma a sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, kamar milimita 3. Ban da ragar sauro ta roba, narkewa take. Silin ɗin roba na baranda ma haka. A share indararo. Jarkar fetur da tukunyar gas su fita daga rumfar katakon nan.

Ɗan Rikkos:
Ni a ganina ka riga masu cinna wutar kawai. Ƙone ciyawar da kanka, shi ke nan.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Haka muke yi a gandu, amma da sharaɗi. A farkon Nuwamba ake yi, ciyawa da sauran danshi, da sassafe ko bayan la'asar in iska ta kwanta, bayan an share layi da fartanya, mutane na tsaye da ɗanyen ganye. Sai mai unguwa da masu gonakin kusa sun sani, wani bai kwashe amfaninsa ba. Mutum ɗaya da ashana a tsakiyar hunturu, ban yarda ba.

Maman 'Yan Biyu:
Don Allah Malam, ka tuna da bisashen. Dabba a ɗaure ba ta da yadda za ta yi, a ajiye wuƙar yanke igiya kusa da turke, kowa a gidan ya san wurinta. Ka cika duro biyu da ruwa, da bokitai a gefe, don famfon burtsatse ba ya aiki in an ɗauke wutar lantarki. Da an hango hayaƙi a rufe tagogi, a kwashe shanya, a fitar da yara ta ƙofar gaba, a kira 112 tun wutar na nesa. Motar kwana-kwana sai ta ɗauki lokaci kafin ta iso bakin gari.