Ya ga zai sha kaye sai ya ƙi motsawa, ya zan yi?

Na Jekadafari: Salamu alaikum. Wata shida ke nan ina buga chess a Chess.com, wasan minti 10, makina ya kusa 900. Jiya na cinye sarauniyar wani, saura masa minti 7, sai ya kafe, bai motsa ba bai sallama ba har agogonsa ya ƙare. Kafin nan ya zage ni da ya ga tutar Najeriya. Bayan Isha'i kaɗai nake samun sarari. In biya kuɗin wata ko zan rabu da irinsu, ko in koma Lichess, wani dandalin chess ɗin?

Malamin Pantami: Wa alaikumus salam. Kuɗinka darussa da bitar wasa zai ƙara maka, mutanen dai su ne. Rufe wurin hira, ka toshe shi, ka kai ƙararsa. Lichess kyauta ne, kuma suna dakatar da mai yawan kafewa har agogo ya ƙare na ɗan lokaci.

Ɗan Wunti: Sayi allo ka huta. Dubu shida na saya.

'Yar Tudun Wada: Dubu shida a wace shekara? Na ƙanina dubu goma sha huɗu muka biya, na roba ma.

Na Bolari: Kai naka mai sauƙi ne, ɗan'uwa, ai ka ci wasanka. Mu da azumi muka haɗa gasa a intanet, mu goma sha biyu, kowa ya sa kuɗi. Na kai wasan ƙarshe da wani yaro da nake ba shi doki kyauta in cinye shi a kan allo. Ranar kowane motsi daƙiƙa biyar yake yi, mai wuya da mai sauƙi duk ɗaya. Da na duba wasan da Stockfish, injin kwamfuta mai buga chess, kusan duk abin da injin ya zaɓa shi ya buga. Ɗan maƙwabcina ne, masallaci ɗaya muke da babansa. Da wane baki zan je? Na haɗiye, amma har yau ban sake buɗe manhajar ba.

Ɗan Wunti: Magnus Carlsen ma, zakaran duniya a lokacin, a 2022 motsi ɗaya ya yi da Hans Niemann, wanda yake zargi da maguɗi, ya tashi. Ka shiga sahun manya, Alhaji!

Na Bolari: Ba abin dariya ba ne wallahi.

'Yar Tudun Wada: Malam, kai makinka nawa da kake ta ba da fatawa?

Malamin Pantami: Hajiya, shekara tara ina koya wa yara. Toshe mai zagi ba ya buƙatar maki.

Na Herwagana: Ku dai daina yanke hukunci. Ba duk wanda ya kafe ne mugu ba. Ni sau nawa sabis ke ɗaukewa ina tsakiyar wasa, in dawo in tarar an ba wancan nasara, ya bar min zagi.

Ɗan Wunti: Mu kwana uku ba wuta, a shagon caji nake bugawa a tsaye.

Na Herwagana: Nawa suke karɓa a wajenku? Nan ɗari biyu ya koma.

Na Jekadafari: Jama'a, Lichess ɗin fa?